Filayar murɗa waya: abin da nake dubawa kafin in biya kuɗi

Tun da aka shiga aikin noman rani a bana, mutum uku ne suka tambaye ni labarin wata filaya da suke gani a akwatin kayan aikina, mai ɗan ƙulli a gindi wanda ake ja. Sana'ata gyaran injin ban ruwa da injin casar shinkafa ce a ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Kadawa, saboda haka zan yi bayani da bakin wanda girgizar inji ta sha ba shi wahala.

Duk injin da ke wuni yana kaɗawa, sannu a hankali yana kwance notinsa da kansa. Masu gyaran jirgin sama sun fi kowa jin tsoron wannan, shi ya sa suke huda kan noti, su zura siririyar waya marar tsatsa, su murɗa ta, sannan su ɗaure ta a jikin notin da ke kusa, ta yadda idan ɗaya ya nemi kwancewa wayar za ta ƙara tsukewa ta hana shi. Masu tseren babur ma haka suke yi wa notin da ake juye baƙin mai ta wajensa. Wayar da aka fi amfani da ita kaurinta inci 0.032 ne, wato kusan milimita 0.8, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta ba da shawarar murɗi 6 zuwa 8 a kowane inci. Filayar da nake magana a kanta domin wannan aikin aka ƙera ta: ka kama bakin wayar biyu, ka danna makulli, ka saki hannu, ka ja ƙullin baya, sai filayar ta juya da kanta ta bar maka murɗi daidai wa daida kamar kitso.

Ra'ayina shi ne, wanda ba zai sayi mai kyau ba, gara ya murɗa wayarsa da hannu da filayar gida, domin murɗin hannu karɓaɓɓe ne ko a wajen masu jirgi, jinkiri kawai gare shi. Na faɗi haka ne saboda abin da ya same ni. Ta farko da na saya a wani shago a cikin birni, sheƙinta ne ya ruɗe ni, ga kuma araha. Haƙoran bakinta suna da kaifi kamar na zarto, duk inda suka kama waya sai sun bar mata tabo. Na ɗaure notocin salansar wani injin ban ruwa da ita, na ce wa mai gonar ya kwantar da hankalinsa. Ba a yi mako biyu ba ya aiko yaronsa a kan babur, ya ce: "Malam, Baba ya ce ka zo ka ga aikinka." Da na je na tarar wayar ta tsinke daidai inda haƙori ya cije ta, salansa tana reto, tumatir kuma ya kwana bai sha ruwa ba. Tabon da ido ba ya kulawa da shi, nan ne girgiza ke bi har ta karya waya.

Tun daga ranar, idan zan sayi irin wannan filaya nakan tafi da guntun waya a aljihu, kuma ba na jin kunyar gwadawa a gaban mai shago. Makulli nake fara dubawa, domin shi ne ran filayar. Na kama waya, na kulle, na ja da ƙarfi. Idan ta zame ko makullin ya buɗe da kansa, na ajiye masa kayansa ko da a rabin kuɗi ya bar mini. Daga nan sai in rufe bakin in ɗaga shi sama wajen haske, in ga ko leɓɓan biyu sun haɗu sosai ko kuwa ɗaya ya goce. Sannan in kwance wayar in shafa ta da yatsa. Akwai masu bakin da aka yi wa lanƙwasa mai laushi a maimakon haƙora, waɗanda ke riƙewa ba tare da sun ji wa waya ciwo ba, kuma su na fi so. Sandar da ke cikin gindi, wadda aka yi mata zare kamar igiya, dole ta fito sumul ba tare da cijewa ba, domin idan tana tsayawa tana fizga, murɗin zai matse a wani wuri ya saki a wani. Wurin yanka kuwa ya datse waya tashi ɗaya, kada ya tauna ta.

Sauran abubuwan da masu shago ke yi wa talla ba su dame ni sosai ba. Akwai mai inci 6 da mai inci 9. Ƙaramar ta fi shiga lungun inji, babbar ta fi daɗin riƙo idan wayar mai kauri ce. Akwai mai juyawa dama da hagu, akwai kuma wadda ƙullinta ke komawa da kansa bayan an ja. Duk jin daɗi ne, amma bakaniken ƙauye zai iya rayuwa ba tare da su ba. Sunan kamfani ma ba na dogara da shi kaɗai. Milbar ta Amurka ta yi suna a wannan fanni, sai dai kowa ya san yadda ake buga suna a jikin jabu, kuma na ga tsohuwa 'yar gwanjo da fenti ya goge wadda ta fi sabuwa a leda riƙo.

Wani abu da nake yawan nanata wa yaran da ke koyon aiki a wajena shi ne, waya ba ta ɗaure noti. Sai an ɗaure shi tamau da sifana tukuna, sannan a sa masa waya, kuma a bi da ita ta ɓangaren da za ta ja shi zuwa ɗauri. Wanda ya bi da ita ta baya ya yi aikin banza ko da filayarsa ta zinare ce. Wayar da aka kwance ba a mayar da ita, sabuwa ake yankowa. Bayan an gama, a bar ɗan wutsiya a lanƙwashe shi ciki, domin mai gona da asuba yake zuwa tayar da injinsa, yana lalube cikin duhu da hannu.