Gwiwa Lafiya Lau, Ni ne Dai Ban Tsira Ba

Tunda Dogo ya riga ya zuba nasa labarin a majalisar unguwar Karantina a nan Jidda, har da ƙarin gishiri, bari in faɗi nawa kafin magana ta isa Kurna a ce wa Hajiya an yanke mini ƙafa.

Kun san abin da ya sami Auta bara a saharar Usfan, a wajen Jidda. Yana shan kwana a kan yashi ya sauke ƙafa ɗaya don ya tokare, takalmin ya nutse ya tsaya cak, babur da sauran jikinsa suka ci gaba da tafiya. Ya ce da kunnensa ya ji ɗas a cikin gwiwar. Likita ya zana masa a takarda: manyan jijiyoyi 4 ne ke riƙe da gwiwa, biyu a gefe da gefe, biyu a tsakiya sun gitta juna, ta gaban ce ta tsinke, kuma ita ba ta ɗoruwa yadda ƙashi ke yi. Sai da aka yanko wata daga bayan cinyarsa aka dasa masa. Wata 9 kafin ya sake gudu, kafilinsa kuwa, wato ubangidansa, tun a wata na biyu ya fara cigiyar wani direban. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Shi ya sa da Dogo ya ce ranar Asabar za a fita hawan dabbab, wato babur a yashin sahara, na ce ni sai da ƙarfen gwiwa.

Ba wai ni baƙon babur ba ne. Shekara 7 ina acaɓa tsakanin Kurna da Bata, har ranar da aka hana goyo a Kano a Janairun 2013. Kuma tun da aka kawo tseren Dakar, na motoci da babura a sahara, ƙasar nan ta Saudiyya a 2020, aka tashi daga nan Jidda, Ricky Brabec ya ci a kan Honda, nake cewa a raina wannan ai acaɓa ce babu fasinja. Kawu da ya ga wucewar masu tseren ta Agadas yana saurayi har yau mahaukatan Nasara yake kiransu, ni kuwa na ga abin da zan iya.

Sabon ƙarfen, irin na Leatt ko POD ko Asterisk, mai kyan cikinsu ya haura riyal 2,000. Albashina kun san shi. Na tafi kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarikh na tono wani a ƙarƙashin tulin tsofaffin hulunan kwano, riyal 120. Sunan ƙarfe kawai muke ba shi, yawancinsa roba ce mai tauri: ɓangare ɗaya ya rungume cinya, ɗaya ya rungume ƙwauri, a gefe biyu ga mahaɗa mai lanƙwasa kamar ta ƙyauren ƙofa, sai marfi a kan ƙoƙon gwiwa da maɗaurai huɗu masu mannewa. Auta ya ce ya bambanta da ɗan kushin nan da yara ke ɗaurawa, shi wancan bugu kawai yake tarewa, wannan kuwa aikinsa ya hana gwiwa murɗewa, ya hana ta karkacewa gefe, ya hana ta miƙewa ta wuce iyaka. Ya ce a sa doguwar safa a ƙarƙashi. Ya ce mahaɗar ta daidaita da tsakiyar gwiwa. Ya ce akwai na dama akwai na hagu. Duk ya faɗa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ni lokacin ina kallon hoton kaina a raina ina tashi sama a kan tudun yashi.

Alamar dama da hagun ta goge. Na duba, na ce ai ƙafa ƙafa ce. Na ɗaura su tun daga gida a kan fata tsirara, na ɗame kamar mai ɗaurin itace, na zura jallabiya a kai don kada mutanen gidan su yi mini tambaya.

La'asar ta same mu a hanya, muka tsaya a masallacin wani gidan mai. Tun daga alwala na gane akwai magana, don da na ɗaga ƙafa zan wanke sai na ji wani ƙiiƙ kamar tsohon gado. Tafiya kuwa, ƙafa ta dama tana son zuwa Makka, ta hagu tana son komawa Jidda. Na shiga sahu na biyu. Damana Dogo, haguna wani dattijon Balarabe, farin gemu, jan shimag (mayafin nan na kan Larabawa), safar ulu ta lokacin sanyi.

La'asar dai kun sani, sallar ɓoye ce. Babu karatu a bayyane da zai rufa wa bawa asiri. Masallaci tsit, sai ƙarar iyakwandishan.

Tsayuwa lafiya. Ruku'u lafiya, sai ɗan ƙiiƙ ɗin nan. Liman ya yi kabbarar sujada, kowa ya tafi ƙasa salin-alin, ni na zo rabin hanya abin ya cije. Ban kai ƙasa ba, ban kuma iya komawa sama ba, ina nan a tsugune a iska kamar wanda aka ɗauka hoto. Na ce a raina yau ko ni ko riyal 120. Na danna da ƙarfi.

Ɓaaarrrr.

Maɗaurin cinya ne ya ɓalle. Ni na san maɗauri ne. Allah ya san maɗauri ne. Amma mutum 30 da goshinsu ke ƙasa ba su da hanyar sani, kuma sautin, in za a faɗi gaskiya, bai yi kama da maɗauri ba. Dogo ne ya fara: na ji kafaɗarsa tana rawa a jikin tawa. Wani yaro a sahun baya ya saki ƙit, na ji an make shi. Ban taɓa yin sujada da zufa irin ta ranar ba, a watan Janairu, a ƙarƙashin iyakwandishan. Ina tasbihi ina tunanin ko in ɗaga murya in ce jama'a maɗauri ne, sai na tuna magana tana ɓata salla, kuma ko da ba ta ɓatawa ban san sunan maɗauri da Larabci ba.

Zama tsakanin sujada biyu ba a maganarsa. Marfin ya tokare ƙasa, mahaɗar ciki ta dama tana gugar ta hagu, na zauna a karkace kamar buhun da aka jingine. Da aka tashi raka'a ta biyu sai na ji ana jan ƙafata ta hagu. Ashe maɗaurin ƙasa ma ya saki, ya leƙo ta ƙarƙashin jallabiya, ɓangaren ƙayar ya kama safar dattijon. In ya matsa in bi shi. In na matsa ya biyo ni. Raka'a uku muka yi a ɗaure da juna, ni da mutumin da ban taɓa gani ba, kowa yana yi kamar bai sani ba. Kuma a kowace sujada sai wani maɗaurin ya ba da nasa jawabin, ɓar, ɓarr, kamar suna karɓa-karɓa.

Ana sallamewa na sunkuya in ɓanɓare kaina daga safarsa, jallabiya ta ɗage, ya ga kayan. Nan take fuskarsa ta sauya. Ya dafa kafaɗata. "La haula wa la ƙuwwata illa billah. Hadis, ya waladi?" Wato hatsari na yi.

To Larabcina na tuƙi ne: dama, hagu, tsaya, cika tanki. Yadda zan ce rigakafi ne, ban ji ciwo ba tukuna, ciwon nake shirin zuwa nema, wannan ba ya cikin abin da na koya. Ina lalube, sai Dogo, wanda aka haifa a Shara Mansur ta Makka, wanda Larabci ke fita bakinsa kamar ruwan famfo, wanda da jimla ɗaya zai fitar da ni, ya karkatar da kai, ya yi kalar tausayi, ya ce: "Miskin, ya ammi. Sawwag. Miskin." Wato direba ne, abin tausayi.

Shi ke nan. Dattijo ya sa jikansa ya jawo mini kujerar tsofaffi daga ƙarshen sahu. Ya yi mini nasiha mai tsawo, wadda daga baya aka fassara mini, cewa addini sauƙi ne, mai lalura ya yi salla a zaune, kada in ƙara wahalar da kaina. Mutanen da ɗazu suke kawar da kai yanzu kowa na zuwa, salamat, salamat, Allah yishfik. Har yaron da aka make aka turo ya sumbaci kaina. A bakin ƙofa dattijon ya kama hannuna kamar zai yi musafaha, na ji takarda. Riyal 50. Na ce la, la, wallahi. Ya ce wallahi sai na karɓa. Wallahinsa ta fi tawa ƙarfi.

Kafin mu kai mota Dogo ya zare ta daga hannuna, wai zai ajiye mini tunda jallabiyata ba ta da aljihun kirki. Dogo fa. Mutumin da tun azumin bara yake riƙe da cajata. Mutumin da ranar sunan 'yar Yaya ya ce a bar masa sayen rago, ya zo da abin da ko kare zai raina, ya ce a Saudiyya haka raguna suke. Ku da kuka ci naman kun sani. Kuma ba yau ya fara yi mini fassarar mugunta ba, kun tuna mai bakalar nan, wato mai kanti, da ya ce masa wai ina neman aure alhali canji nake nema. Ni abin da ya fi ƙona mini rai ma kalmar miskin ɗin nan ce, sau biyu, da wannan muryar. Ko Hajiya ranar da na faɗi jarrabawa ba ta yi mini wannan muryar ba.

Hawan kansa ba shi da tsawo. A Usfan na sa wando, Auta ya kalli ƙafafuna sau ɗaya ya ce, "Yaya, a juye ka sa su." Ya musanya, ya daidaita mahaɗar, sai ga gwiwa tana lanƙwasa sumul kamar babu komai. Da haka na sa su tun farko, da har nafila na yi.

Babur ɗin mai 250 ne, dogo, ina kai yatsun ƙafata ne kawai ke taɓa ƙasa. Suka ce a yashi miƙewa ake yi a kan matakan, a mayar da nauyi baya, kada a saki totur, kada a taɓa birkin gaba, kuma kada a sauke ƙafa. Duk abin da acaɓa ta koya mini kishiyarsa ke nan. A Bata in abu ya rikice, ka rage wuta ka sa ƙafa. Ban yi mita 50 ba tayar gaba ta fara lilo, shekara 7 ta motsa a jikina, na rage wuta na sa ƙafa. Irin ta Auta sak. Takalmi ya nutse, babur ya kwanto mini a kan ƙafar, na ji ƙarfen ya karɓi nauyin ya ƙi ba da hanya. Gwiwa ko gezau. Ban ce shi kaɗai ne dalili ba, gudun nawa ma akuya za ta wuce shi, kuma Auta ya ce akwai masu cewa in faɗuwar ta yi tsanani ƙarfen yakan tura wahalar zuwa ƙashin cinya. Amma dai na tashi da gwiwata. Babban yatsan hannu ne ya gurɗe, sai bayan gwiwa da maɗaurai suka saɓule mini fata saboda rashin safa, yashi ya shiga ya zauna.

Na sake hawa, don zuciya. A zagaye na biyu har na fara jin kaina, na miƙe tsaye a kan matakan, ina ihu. Na zagayo wani tudu sai ga farar Land Cruiser, an shimfiɗa darduma, ana zuba gahawa. Jan shimag. Safar ulu, har da zaren da na tsinko mata.

Ya ajiye finjalin. Ya bi ni da kallo tun daga wannan gefe har wancan. Hular kwano ba ta cece ni ba, don ƙarafan suna waje a kan wando, kuma jikan nan ya nuna ni da yatsa yana tsalle. Ban san abin da ya sa na ɗaga masa hannu ba. Ɗaga hannun ne faɗuwa ta biyu.

Bai zo ba. Ko kallon inda na faɗi bai ƙara yi ba, ya ci gaba da shan gahawarsa.

Na tambayi Malam hukuncin riyal 50 ɗin, ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce in ba wani mabuƙaci na gaske. Na je wajen Dogo ya ce ai an zuba mai da ita, motar da ta kai ni ita ta dawo da ni. Auta na son ƙarafan amma riyal 80 ya taya, kuma biyu daga cikin maɗauran ba sa kamawa yanzu, ulu ya cika su.