Bukkar Scott a Antatika: gyaran da bai kankare baƙin hayaƙi ba

A bakin tekun tsibirin Ross, can ƙarshen kudancin duniya a nahiyar Antatika, akwai wani ɗakin katako mai tsawon mita 15, faɗinsa kuma mita 7 da ɗoriya. Babu gari kusa da shi, babu bishiya ko ɗaya, babu ko ciyawa. Baƙin tsakuwa ne da ƙanƙara iya ganinka, sai dutsen Erebus mai aman wuta yana hayaƙi a bayansa. Tawagar Kyaftin Robert Falcon Scott ta Birtaniya ce ta kafa shi a watan Janairun 1911, a wurin da ake kira Cape Evans. Wata gidauniya ta ƙasar Niyu Zilan mai suna Antarctic Heritage Trust ta shafe shekaru tana gyaransa, ta kashe maƙudan kuɗi, ta kuma kammala babban aikin wajen 2015. A ganina kuɗin nan bai tafi a banza ba, sai dai dalilina ya sha bamban da wanda aka fi bayarwa.

Dalilin da aka saba ji shi ne jarumtar Scott. Daga wannan ɗaki ya tashi da niyyar zama mutum na farko da zai taka tsakiyar ƙuryar kudu. Ya isa can ran 17 ga Janairun 1912 shi da mutum huɗu, suka tarar Roald Amundsen ɗan ƙasar Norwe ya riga su tun 14 ga Disambar 1911, har ya kafa tanti ya bar musu wasiƙa. A hanyar dawowa yunwa da sanyi suka cinye su duka biyar. Sai a Nuwamban 1912 aka gano tantin da gawar uku daga cikinsu take. Labari ne mai taɓa zuciya, amma an rubuta shi an sake rubutawa, kuma ko da bukkar ta rushe gobe babu abin da zai ragu daga cikinsa.

Abin da zai ɓata in ta rushe daban ne. Mutum 25 ne suka yi hunturun 1911 a cikinta, wata huɗu cur ba su ga rana ba. An raba ɗakin biyu da katangar akwatunan abinci: gefe guda na hafsoshi da masana su 16, ɗaya gefen na ƙananan ma'aikata su 9, kowane ɓangare da teburinsa, kamar yadda aka saba a jirgin ruwan yaƙin Ingila. A gefen ƙananan ne Thomas Clissold mai dafa abinci yake kwana kusa da murhunsa, da Anton Omelchenko mai kiwon dawaki, da Dmitri Gerov mai kula da karnuka, su biyun nan an ɗauko su daga ƙasar Rasha ta wancan zamani. Littattafan tarihi kan ba su layi ɗaya ko biyu su wuce. Ɗakin kuwa bai bambanta ba. Tukunyar Clissold tana nan kamar yadda teburin rubutun Scott yake nan, bargar dawakin da aka jingina a jikin bango tana nan, kuma duk wanda ya shiga zai auna da idonsa filin da aka ba babba da wanda aka ba yaronsa. Gani ya kori ji.

Akwai kuma wasu mutanen da suka fi ba ni tausayi, waɗanda ba su ne suka gina bukkar ba, amma ita ta cece su. A 1915 wani ɓangare na tawagar Ernest Shackleton, wani mai binciken Antatika, ya iso wannan gaɓa da jirgin Aurora. Aikinsu shi ne su jibge abinci da mai a kan hanya, domin Shackleton zai ratso nahiyar daga ɗaya gefen ya same su. A watan Mayu guguwa ta tsinke igiyoyin jirgin, ƙanƙara ta tafi da shi, da tufafinsu da yawancin guzurinsu a ciki. Mutum goma aka bari a tudu da kayan jikinsu. Sai suka koma kan abin da mutanen Scott suka bari. Suka yanka tsohon tanti suka ɗinka wanduna, suka ci ragowar gwangwanaye da gari, suka riƙa farautar sil, wata dabbar teku mai kitse, suna cin namanta suna ƙona kitsen a madadin gawayi. Hayaƙin kitsen nan ya turnuƙe ɗakin, ya baƙanta bango da rufi da jikinsu.

Duk da haka suka cika alkawari. Suka ja kaya a kan ƙanƙara wata da watanni, suka ajiye abincin a inda aka ce su ajiye, ba su san cewa jirgin Shackleton, Endurance, ya riga ya nutse a ɗaya gefen tun Nuwamban 1915 ba, kuma babu mai zuwa ya ci. Uku daga cikinsu ba su koma gida ba. Arnold Spencer-Smith ya rasu a hanya da ciwon nan na rashin ɗanyen abinci mai kumbura dasashi, Aeneas Mackintosh da Victor Hayward kuma suka bi ta kan ƙanƙarar teku da ba ta gama ƙwari ba a Mayun 1916, ba a sake ganinsu ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, Dick Richards, ya rubuta sunayen mamatan da fensir a katakon gefen gadonsa. Sai a Janairun 1917 aka zo aka kwashe su. Rubutun nan na fensir yana nan har yau, ƙugiyar jirgin Aurora ma tana nan binne a bakin gaɓa.

To, a nan ne batun gyara ya zama abin tattaunawa. Da masu aikin sun ɗauka cewa burinsu shi ne su mai da ɗakin fes kamar ranar da Scott ya tare, da abu na farko da za su yi shi ne wanke baƙin hayaƙi, su goge katako, su kwashe tulin kitsen da har yanzu ke jibge a zauren shiga. Da sun yi haka, da sun share mutum goma daga tarihi da soso da sabulu. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ba su yi ba, kuma wannan shi ne babban abin da na yaba musu.

Mutane kan zaci sanyi yana adana komai. Yana adanawa, amma ba duka ba. Bayan 1917 an bar bukkar shekara kusan arba'in, dusar ƙanƙara ta cika ta ta daskare, sai a tsakiyar shekarun 1950 Amurkawa suka tono ta, 'yan Niyu Zilan kuma suka fasa ƙanƙarar ciki a 1960 zuwa 1961. Fitar da ƙanƙarar ta buɗe ƙofar wata ɓarnar. Iska mai ɗauke da tsakuwa tana cin katako daga waje kamar ana goga shi da faifan yashi. Gishirin teku yana warware zaren itacen. Idan ɗan ɗumin bazararsu ya zo, ƙanƙarar da ta taru a ƙarƙashin daɓe takan narke, danshi ya cika ɗaki, gwangwanaye su yi tsatsa su fara yoyo. Masana daga jami'o'in Minnesota da Waikato ma sun gano wani irin funfuna da ke ruɓar da katakon duk da tsananin sanyin wurin. A 2008 sai da aka sa bukkar cikin jerin wuraren tarihi na duniya da ke fuskantar haɗari.

Yadda aka tunkari wannan ɓarna abin koyi ne. Kafintoci sun ɓamɓare allunan waje a hankali, suka yi wa kowane lamba, suka shimfiɗa abin hana ruwa daga ciki, sannan suka mai da kowane allo mazauninsa. An ɗaga daɓe an fasa ƙanƙarar da ke ƙasa. An kafa wasu na'urori a waje da ke karkatar da iska don dusar ƙanƙara ta daina taruwa a jikin bango. Kayan ciki kuwa sun haura dubu 11, daga gwangwanin koko zuwa takalmi, daga kwalaben gwaje-gwaje zuwa linzamin doki. Ƙwararru sun riƙa yin hunturu a Scott Base, sansanin Niyu Zilan da ke tsibirin, suna bin su ɗaya bayan ɗaya: a tsayar da tsatsa, a liƙe takardar jikin gwangwani da ta fara sulluɓewa, a rubuta bayaninsa, a mai da shi kan kantarsa. Hotunan da Herbert Ponting, mai ɗaukar hoto na tawagar Scott, ya ɗauka a 1911 sun taimaka ƙwarai wajen sanin yadda ɗakin yake a da.

Ana cikin haka abubuwa suka riƙa fitowa. A 2009 an tsinci man shanu a barga, yana naɗe a takardarsa. A 2013 an sami filman hoto 22 da ba a taɓa wankewa ba a ɗakin duhun Ponting, da aka wanke sai ga hotunan da tawagar nan ta jirgin Aurora ta ɗauka. A shekarar kuma narkewar ƙanƙara ta fito da littafin rubutun likita George Murray Levick na tawagar Scott a wajen ɗakin. An kai shi Niyu Zilan, aka rarrabe shafukansa, aka ɗauki hotonsu, aka ɗinke shi, sannan aka mai da shi Cape Evans. Wannan mayarwar tana da muhimmanci a wurina. Gwangwani a gidan tarihi na wani birni tsohon gwangwani ne kurum. A kan kantarsa kuwa, kusa da murhun da aka dafa shi, a ɗakin da iska ke kaɗawa, shaida ne.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Na farko suna cewa wurin da 'yan tsiraru ne kawai za su taɓa gani, yawanci masana da masu hannu da shuni da ke biyan kuɗin jirgin yawon buɗe ido, bai cancanci wannan ɗawainiya ba. Gaskiya ne talaka ba zai je ba. Amma darajar shaida ba a yawan masu kallonta take ba. Kundin kotu ma mutum nawa ke buɗe shi a shekara? Ana adana shi ne don ranar da za a yi gardama a sami abin komawa. Ballantana yanzu an ɗauki hoton cikin ɗakin ta kowane gefe an sa a intanet, mai waya a Zinder ko Kumasi zai iya leƙawa.

Suka ta biyu ta fi nauyi, musamman a kunnen Bahaushe. Scott hafsan sojan ruwa ne na daular da ta mamaye ƙasarmu. A watan Fabrairun 1903, lokacin da sojojin Lugard suka ci Kano, yana kan wannan tsibiri na Ross a tafiyarsa ta farko, yana ɗauke da tutar da su ma suke ɗauke da ita. Wanda ya ce gyaran bukkarsa raya alfaharin mulkin mallaka ne bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin akwai masu ba da gudummawa da wannan niyya. Amsata ita ce, gyaran da aka yi da gaskiya ba ya yi wa kowa kirari. Ɗakin da aka bari yadda yake yana nuna jarumta, yana kuma nuna bambancin babba da yaro, da kuskuren dogaro da dawaki a ƙasar da karnuka suka fi dacewa, da wahalar waɗanda aka manta. Gunki ne ke yabon mutum. Ɗakin da ya kwana a ciki faɗin gaskiyarsa yake yi, mai daɗi da marar daɗi.

Wannan ne ya sa raina kan ɓaci idan na ga yadda aka rushe wasu tsofaffin ƙofofin ganuwar Kano aka tayar da sababbi da siminti, aka kuma kira abin gyara. Sabuwar ƙofa tana iya fin tsohuwa kyau da faɗi, amma hannun maginan da suka dunƙula tubalin farko ya tafi, ba kuma zai dawo ba.

Akwai wani gargaɗi da ya kamata a yi, don kada yabon ya wuce gona da iri. Abin da baƙo ke gani yau a Cape Evans ba daidai yake da yadda mutum na ƙarshe ya bar shi a 1917 ba. Hannaye da yawa sun taɓa kayan. Baƙin farko sun ɗebi na tsaraba, masu aikin 1960 sun jera abin da suka tono yadda suka ga ya dace, na baya ma sun yi zaɓi. Duk mai gyara yana yanke hukunci kan abin da zai fito fili da wanda zai koma lungu. Abin da ke raba mai amana da mai shirya wasan kwaikwayo shi ne ya rubuta duk abin da ya taɓa, ya nuna sabon katako a matsayin sabo, ya kuma yi aikin yadda na bayansa zai iya warwarewa in ya ga kuskure. Wajibi ne masu yi wa baƙi jagora su riƙa faɗin haka ƙarara, maimakon su bar mutane da zaton mutanen Scott yanzu suka fita.

Aikin kuma bai ƙare da bikin kammalawa ba. Bukkar tana ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar Antatika ta 1959 da ƙarin dokar kare muhalli ta 1991, ba a shiga sai da izini. Mutum kaɗan kacal ake bari a ciki lokaci guda, ba a wuce 2,000 a shekara, kuma sai kowa ya goge takalminsa a bakin ƙofa, saboda tsakuwa na cin daɓe, numfashin jama'a kuma na ƙara danshi. Kowace bazara sai ma'aikatan gidauniyar, wadda aka kafa a 1987, sun koma sun kwashe dusar da ta taru, sun duba rufi, sun karanta na'urorin auna danshi. Kuɗin wannan zirga-zirga ta shekara-shekara ya fi na babban gyara wuyar samu, domin babu hoton da za a nuna wa mai bayarwa, kuma shi ya kamata gwamnatocin Birtaniya da Niyu Zilan su ɗauka a wuyansu ba tare da jiran masu taimako ba.