Yadda Na Zama Barista Romo

Muna aji ɗaya a sashen shari'a, malaminmu ya raba mana irin jimlolin Latin ɗin nan da lauyoyi ke ƙawata baki da su, ya ce gobe kowa zai tashi ya yi bayanin tasa. Ni na ci karo da "ubi jus ibi remedium".

Da dare an ɗauke wuta, waya saura ƙiris ta mutu, ga yunwa tana nuƙurƙusa ta. Na buɗe ƙamus a gurguje na nemi jus. Ashe kalmar gida biyu gare ta, yatsana ya tsallake na sama ya dire a na ƙasa: romo, ruwan nama. Remedium kuwa magani. Na ce shi ke nan, aiki ya ƙare, na ja bargo.

Washegari na miƙe, na gyara wuyan riga, na ce ma'anarta "inda akwai romo, akwai magani." Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na kawo hujja, na ce Rumawa sun yi gaskiya, domin ko a gidanmu mura ba ta kwana biyu idan Inna ta ɗora farfesun kaza da masoro.

Aji ya yi tsit. Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ɗana, ka karya kuwa yau?"

Sai da dariya ta lafa ya ce abin da jimlar ke nufi shi ne duk inda mutum yake da haƙƙi, doka ta tanadi hanyar ƙwato masa shi. Jus ɗin haƙƙi ɗan'uwan jurare ne, wato rantsuwa. Na romon kuma zuriyarsa daban, shi ne ya gangara Faransanci har ya haifi sunan lemon kwali da muke cewa jus. Mu dai garin zama da garin tuwo a takarda kawai suke kama, baki na raba su. Waɗannan biyun ko a baki tagwaye ne.

Wai don ya sanyaya mini rai, ya ce Cicero, shahararren lauyan Rumawa, ma ya yi wasa da su a shekara ta 70 kafin haihuwar Annabi Isa, a ƙarar wani azzalumin gwamnan Sisili mai suna Verres. Sunan na nufin namijin alade, don haka "jus ɗin Verres", wato irin shari'ar da yake yankewa, ya zama "romon alade". Ya ƙara da cewa bambancin kawai, Cicero da gangan ya yi.

Tun daga ranar sunana ya ɓace. Har mai abincin bakin ƙofar makaranta labari ya kai mata. Jiya na miƙa kwano, ta ɗaga ludayi ta ce, "Barista, a ƙara maka doka ko ta isa?"