Mai son lambu a gida, ya bar tumatir tukuna

Jama'ar Kaduna, duk lokacin da tumatir ya yi tsada a Kasuwar Bacci ko Kawo, sai ka ga kowa ya zabura zai shuka nasa a tsakar gida. Bayan wata guda shuka ta bushe, sai a ce ai hannun ba ya karɓar noma. A ganina ba laifin hannu ba ne. An fara da abin da ya fi wuya ne, kuma a kan ƙasar da ba a gyara ba.

Tumatir ɗan lele ne. Da damina danshi na jawo masa ciwon ganye da ruɓewa, a zafin Maris da Afrilu kuma furensa zubewa yake yi. Ga tsutsar nan Tuta absoluta da ta cinye gonaki a 2016 har gwamnatin jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. In manyan manoma sun ji jiki, ina ga sabon shiga? Lokacinsa a nan shi ne a yi renon iri a Oktoba, a dasa bayan sati 3 zuwa 4, ya girma cikin sanyin hunturu.

Ku fara da alayyahu. Ku haɗa ƙaramin cokali ɗaya na iri da cokali 10 na yashi, ku barbaɗa, ku rufe da ƙasa sama-sama, don in ya nutse ba zai fito ba. Cikin kwana 5 ya tsiro, a sati 4 ya isa miya. Kada ku tuge, ku yanka ku bar kamar tsawon yatsa, zai sake tohowa. Rama da lalo da yakuwa su ma ba su da rigima. Kuɓewa kuwa a jiƙa irin ya kwana, a sa ƙwaya 3 a rami, in sun fito a bar mai ƙarfi ɗaya. Wajen wata biyu za ta fara 'ya'ya, a riƙa tsinka duk bayan kwana 2 ko 3, in aka bari suka tsufa a jiki sai uwar ta rage haihuwa.

Amma asalin aikin yana ga ƙasa. Yawancin gidajenmu, daga Rigasa har Unguwar Rimi, ko dai an shafe tsakar gida da siminti, ko jar ƙasa ce mai tauri da aka cike da ɓaraguzan gini. Buhun shinkafa da ya ƙare ya wadatar. A huda shi wuri 10 a gindi da gefe, a naɗe bakinsa, a cika da haɗin nan: kashi 2 baƙar ƙasa, kashi 1 ruɓaɓɓen taki, kashi 1 yashi ko ɓuntun shinkafa. Ku lura da kalmar ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. A tara shi a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa duk sati, sai ya yi sati 6 zuwa 8, ya daina zafi da wari. Ɓawon doya da na ayaba da guntun ganye duk su shiga cikin tarin, amma ban da nama da mai, sai dai in ɓeraye kuke son kiwo.

A ajiye buhu inda rana ke samunsa aƙalla awa 6. Shukar da ta yi tsawo siririya tana langaɓewa, rana take nema. Wadda ganyenta ya yi rawaya alhali ƙasa jiƙe take, ruwa ne ya yi yawa ko hudar ta toshe. Kafin ban-ruwa a tura yatsa cikin ƙasa, in da laima a ƙyale. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun isa buhu huɗu ko biyar a gida mai mutane, amma ruwan wanki mai omo a zubar da shi can. Da rani a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a saman buhu don ta riƙe danshi.

Maganar feshi kuma, ban ga dalilin zuba maganin ƙwari na kanti a ganyen da yara za su ci jibi ba. A daka ganyen dogon yaro kilo 1, a jiƙa cikin ruwa lita 5 ya kwana, a tace, a narka ɗan guntun sabulu a ciki don ya kama ganye, a fesa da yamma har bayan ganyen, sau ɗaya a sati. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci yake yi, saboda haka a fara tun kafin ɓarna ta yi nisa.

Manyan ɓarayin tsiro a cikin gari ma kaji ne da ƙadangaru. Tsohon gidan sauro da sanduna huɗu ya ishe su, a lulluɓe na sati biyun farko, a danne gefen da duwatsu don ƙadangare ta ƙasa yake shiga.