Hadda kaɗai ba ta cin jarrabawar kwamfuta

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗalibi ya kwana yana haddace ma'anar RAM da ROM (ma'adanan bayanai na kwamfuta), amma bai taɓa ɗaukar biro ya juya lamba ɗaya zuwa binari, wato tsarin rubuta lamba da 0 da 1 kaɗai, ba. Nan ne maki ke zubewa.

Ɗauki 13. Ka yi ta rabawa da 2, ragowar ta fito 1, 0, 1, 1. Daga ƙasa zuwa sama ake karantawa: 1101. Mai gaggawa sai ya kwafe daga sama, ya rubuta 1011, wanda 11 ne. Alhali dubawa ba ta cin daƙiƙa goma: gurabe huɗun nan daga hagu 8, 4, 2, 1 ne, a 1101 kuma masu 1 su ne 8 da 4 da 1, sun ba da 13 ko a'a?

Haka abin yake a Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta. Umarnin ƙirga range(1, 5) a 4 yake tsayawa, ba ya kaiwa 5. Duk wanda bai zana tebur ya bi layi-layi yana rubuta yadda lambobi ke canjawa ba, sai ya ƙara zagaye ɗaya, amsa ta lalace gaba ɗaya. Ga kuma rikita = da ==, na farko ajiyewa yake yi, na biyu kwatantawa.