Wai fiyanona na bikin aure ne

Mai kula da sauti ne ya faɗi maganar, kuma da dariya ya faɗe ta. Na sauke jaka daga bayana, na zuge ta, na ɗora fiyanona Yamaha PSR a kan mazauninsa, sai ya leƙo daga bayan na'urorinsa ya ce, "Da wannan za ka yi? Ai wannan na bikin aure ne." Ba da mugunta ya faɗa ba, na sani. Amma har yau maganar ta ƙi sauka daga raina.

Bari in kwatanta muku wurin, don wanda bai gani ba da wuya ya yarda. A nan Liyon ta Faransa akwai tsofaffin jiragen ruwa na dakon kaya da aka ɗaure a bakin kogin Ron, aka mayar da cikinsu gidan kiɗa. Ta wata ƴar gada ta ƙarfe ake shiga, sannan a gangara wani tsani mai santsi zuwa inda ake loda kaya a da. Rufin ƙasa-ƙasa ne, dogon mutum sai ya sunkuya. Tagogin ƴan zagaye ne, ruwa dab da su, in wani jirgi ya wuce sai ka ji daɓen ya ɗan yi lilo da kai. Ƙungiyarmu, Faransawa huɗu da ni, mu ne masu buɗe fili kafin manya su hau. Manyan kuwa da Rhodes suka zo, tsohon fiyanon lantarki na Amurka, ƙirar shekarun 1970. Ƙarti uku ne suka gangaro da shi ta tsanin nan suna nishi, mai shi na biye yana ta "a hankali, a hankali". Mai maɓalli 73 irin wannan yana kusan kilo 60, ya fi buhun siminti nauyi. Mai shi ya ce mini ya fi Yuro 3,000 ya saye shi, wato kusan sefa miliyan 2, kuma ba ya barin kowa ya ɗora masa yatsa.

Ana gwajin sauti sai maɓalli ɗaya ya saki layi. Mutumin ya ɗage murfin, ya sa tocila a baki, ya duƙa da sukudireba. Na matsa na leƙa. A ciki kowane maɓalli yana da ƴar gudumarsa, gudumar tana bugun wani siririn ƙarfe, ƙarfen yana karkarwa a gaban maganaɗisu irin na gitar lantarki, daga nan sauti ya wuce zuwa ampili, na'urar ƙara sauti. A jikin kowane siririn ƙarfe akwai ɗan murɗaɗɗen waya, shi ake turawa gaba ko baya har murya ta daidaita. Shi yake ta turawa yana saurare. A lokacin an riga an buɗe ƙofa. Mutane suka kewaye shi shiru, kowa da kofin giya a hannu ɗaya, salula a ɗayan, suna ɗaukar hoton cikin fiyanon. Ba wanda ya yi tsaki.

Ku ɗan kawo wannan garin Tawa. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujeru, ƙawayen amarya sun ci ado sun zauna, uwar biki ta riga ta biya rabin kuɗi, kai kuma ka duƙa da tocila a baki kana neman murya. Kun san abin da za ka ji, ba sai na rubuta ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suke kiransa na asali, sauran duka na jabu. Alhali shi kansa Rhodes ɗin madadi ne. Harold Rhodes malamin fiyano ne da yake koya wa sojojin Amurka da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba yadda za a kai wa mai kwance a gadon asibiti babban fiyanon katako, sai ya haɗa wani ƙarami da bututun alminiyon na jiragen yaƙi. A 1959 ya haɗa gwiwa da Leo Fender mai gita, daga baya aka fito da wanda makaɗa za su iya yawo da shi. An yi shi ne don wanda ba zai iya ɗaukar fiyanon gaske ba. Da Yamaha ta fito da fiyanonta DX7 a 1983, ɗan ƙarami marar nauyi mai sauti tas-tas, su ɗin nan ne suka yi watsi da Rhodes, har kafin shekarun 1980 su ƙare aka daina ƙera shi. Yau ƴaƴansu ne ke tono shi daga ɗakunan ajiya suna girmamawa, har a 2021 aka fito da sabo ƙirar birnin Lids na Ingila. To in abin da aka yi don sauƙi ya koma abin da sai ƙarti uku sun ɗauka, laifin me wanda ya nemi wani sauƙin ya yi?

Kuma su ma sun nema, don yawancin waɗanda ke cin abinci da kiɗa a nan ba Rhodes suke hawa dandali da shi ba. Duk inda ka je za ka ga wani jan fiyano, Nord, ƙirar Suwidin. Samfurinsa na Electro ya fito a 2001, mai maɓalli 61 bai kai kilo 10 ba. Dabararsa ita ce an naɗi muryar Rhodes na gaske maɓalli-maɓalli, da bugu mai taushi da mai ƙarfi, an zuba a ciki. Dole a yi haka, saboda halin Rhodes ke nan: in ka shafa shi sai ya yi ƙara mai zaƙi, in ka doke shi sai ya yi gurnani, kuma daɗin duk yana tsakanin biyun. Wasu kuma ba naɗa suke yi ba, lissafi suke sa na'ura ta yi na yadda guduma da ƙarfe da maganaɗisu za su amsa wa yatsa. Haka Crumar Seven na Italiya yake, haka manhajar Pianoteq da ake yi kusa da Tuluz. Korg SV-1 na 2009 har da ƙwan lantarki irin na tsofaffin rediyo aka sa masa, don sautin ya yi ɗumi. Duk na taɓa su a shagunan kaya, suna da kyau, ban musa ba.

Masu haɗa fiyano da kwamfuta kuwa, ni ba na tare da su, a gida dai. Kwamfutar da ke kuka da zafin watan Yuli na Faransa, ina za ta da Afrilun Yamai, lokacin da zafi ke wuce digiri 40? Ga ƙurar hunturu, ga kuran, wato wutar lantarki, da ke rawa, ga injin wuta da ke shaƙewa ana tsakiyar waƙa. Fiyano in ya mutu ka kunna, nan take ya dawo. Kwamfuta kuwa sai ta gama tunaninta. Wanda na ga an yi tamkar don mu, ban da ƙanƙantarsa, shi ne Yamaha Reface CP na 2015: maɓalli 37 ne ƙanana, bai kai kilo 2 ba, kuma yana aiki da batiri 6. Matsalarsa ba ya ba da ganga, mu kuwa fiyanon da ba ganga rabin fiyano ne.

Ga abin da masu kuɗin ba sa son ji. Rabin abin da kunne ke kira muryar Rhodes ba daga fiyanon yake fitowa ba, daga abin da aka jona shi yake: ampilin gita da aka ɗan ƙure shi har sautin ya yi kaushi, da karkarwar nan da ke kai sauti dama da hagu. Ka ɗauki muryar fiyanon lantarki da ke cikin PSR, ka rage mata ƙyalli, ka kashe amsa-kuwwa, ka bi da ita ta ampilin gita, ka rage yatsun hannun hagu don kada ka taka mai bas. In ganga da gita biyu suka shigo, a cikin jirgin ruwa mai rufin ƙarfe, wallahi mai iya bambancewa sai wanda ya ga launin akwatin. Wannan ba maganar da babu gara ba daɗi ba ce. A dandali, madadin ya fi.

A yi musu adalci. Akwai abin da Rhodes ke yi wa hannu da roba ba ta yi. Katakon maɓallin yana da nauyi, kana jin gudumar tana dawowa ƙarƙashin yatsa, akwatin kansa yana karkarwa a gwiwarka, kuma wannan yana canza yadda mutum ke kiɗa. A ɗakin naɗar sauti, inda ba hayaniya, na yarda a neme shi. Na kuma yi sha'awar yadda kayan da ya shekara 50 yake da mai gyaransa da kayan gyaransa, har robar bakin guduma ana ƙera sabuwa. Mu namu fiyanon ya ci abincin masu kalangu da yawa, wannan ma gaskiya ne, kuma ba mu da wanda za mu ɗora wa. Sai dai duk wannan jin daɗin na mai kaɗawa ne. Wanda ya biya kuɗin ƙofa ba ya jin nauyin maɓalli.

Kuma mu ba yau muka fara ba. Makaɗin Nijar Mamman Sani ya sayi ogan ƙirar Orla ta Italiya a hannun wani ɗan Ruwanda, ba wani kayan alfarma ba, ya zauna a Yamai ya sa ta yi waƙoƙinmu. A 1978 ya naɗi kaset, rediyo da talabijin na ƙasa suka riƙa saka kiɗansa tsakanin shirye-shirye, har duk wanda ya tashi a lokacin ya san shi ko bai san mai shi ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a faifai, ga shi yau irin mutanen cikin jirgin nan ne ke sayensa suna yabawa. Da ya jira sai ya samu na asali, da me za su saya? Haka waɗanda suka bi ta cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya, haka waɗanda suka hau gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu a Tawa. Kowa da abin da ya samu ya hau. Maɓalli ya karye a liƙe shi, waya ta tsinke a leƙa kasuwar Katako.

Na kira maigidana da ya koya mini a Tawa, na ba shi labari. Ya tsufa yanzu, ya bar wa yara fita. Na ce, "Maigida, wai sun ce fiyanona na bikin aure ne." Ya ce, "To da na mi ne, na zaman makoki?" Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Yaro, mata sun taka?" Na ce nan ba a takawa sosai, tsaye suke suna kaɗa kai. Ya ce, "An liƙa maka?" Na ce nan ba a liƙi, bayan an tashi ake ba ka takarda ka sa hannu, kuɗin su shigo banki daga baya. Ya yi shiru, ya ce, "To wa kake kaɗa ma?"

Ban da amsa. A nan kana hawa fitila ta haske maka ido, ba ka ganin fuskar kowa. Ba ka san ɗan wane ne a gabanka ba, ba ka san kakarsa ba, ba sunan da mawaƙi zai kama ya juya har mai shi ya miƙe yana laluben aljihu. Suna saurare da ladabi, a tafa, a tafi. Mutumin da bai da wanda zai kira a cikin taro, dole hankalinsa ya koma kan akwatin da ke gabansa, shekarar da aka ƙera shi, da irin robar gudumarsa. Mu idonmu na kan fili. Kana ganin gwaggon ango ta gyara ɗaurin zane ka san lokacin ƙara wuta ya yi, yatsanka ya riga ya kai kan maɓallin sauri kafin mawaƙi ya waiwayo. Hannun hagu na riƙe da ganga da bas, na dama na amsa wa mawaƙi, ido ɗaya na kan yaron da ke zuba wa inji mai. Mutum ɗaya, aikin mutum huɗu, daga la'asar har dare ya raba. Faransawan da nake kiɗa da su sun fi ni karatun kiɗa a takarda nesa ba kusa ba, amma ban ga wanda zan ba wa bikin Adarawa in tafi in bar shi ba.

Abin da ke damuna yanzu shi ne wannan raini ya fara isa gida ta salula. Yaranmu na Yamai suna kallon YouTube, suna ganin kowa da jan fiyano, sun fara jin kunyar nasu. Ɗan yayata da ke Tawa ya aiko mini da hoton Nord, ya ce, "Kawu, wannan nake so, shi ƙwararru ke aiki da shi." Na ce masa wannan ba ya ba da ganga, kuma in ya lalace samun kayan gyaransa a Tawa sai an sha wuya. PSR na hannu zan nema masa mai kyau, da na'urar daidaita kuran, da jaka mai zif saboda ƙura. Abin da ya rage na kuɗin ya sayi ampili, ya kuma riƙa zuwa gaida maigida ranar Juma'a da fiyanon a hannu. Ya karanta saƙon, har yanzu bai ba ni amsa ba.