Ni da Dorina da Rigar Alhaji

Ni tela ne a unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru, amma na daɗe ina ji a jikina cewa ba don taka keke kaɗai aka haife ni ba. Murya gare ni. Haka dai yaran shagona ke faɗa, ko da yake ni nake biyansu.

Ƙanen wani abokina ne ya zuga ni. Ya ce, "Yaya, zamanin kaset da faifai ya wuce. Ka sa waƙa a YouTube da Audiomack, kana barci dala na shigowa." Kuskurena ɗaya, ban tambaye shi wace dalar ba, ta Amurka ko tamu ta sefa biyar.

Sitidiyon ɗaki ɗaya ne, an lulluɓe bangonsa da kwalayen ƙwai. Ina gama baitin farko mai kiɗan ya cire abin kunnensa ya ce kada in damu, kwamfuta za ta gyara. Ta kuwa gyara. Da na kunna wa Inna, sai ta ce, "Yarinyar nan ta iya waƙa, 'yar gidan wa ce?"

Saura bidiyo. Darakta ya ce sai da mota, da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, da kaya na kece raini. Mota da jirgi aljihuna ya hana. Kaya kuwa, ai tela ba ya rasa su. Ga farar gezna ta wani Alhaji a rataye, babbar riga mai aiki har ciki, wadda zai sa a bikin 'yarsa. Na ce wa zuciyata aro ne na awa biyu, rigar ma ta sha iska.

Watan Afrilu ne, kuma wanda ya san Garwa ya san zafin nan da ke haura digiri 40. Muka sauka bakin Binuwai, kusa da gada. Ashe a bidiyo ba a rera komai: lasifika ke waƙa, kai kana motsa baki kamar akuya na tuƙa. "A sake!" Na sake. "Ka kalli nesa kamar an yaudare ka!" Na kalla. A karo na goma sha huɗu ya ce in shiga ruwa zuwa idon sawu, hoton zai fi ma'ana. Wani mai kwalekwale ya ce, "Malam, wajen nan fa da masu shi." Na ɗauka aljanu yake nufi, na yi addu'a na tofa, na shiga.

Ina cikin ɗaga hannu sama sai na ji huci a bayana, irin na babbar mota idan ta taka birki. Na waiga. Dorina ce, ta wage baki, kai ka ce ƙofar shagona. Ban san sanda na zura ba. Babbar riga kuwa ba a ɗinka ta don gudu ba, ni da na ɗinka na fi kowa sani. Ta harɗe ni, na kife cikin laka, hula ta bi ruwa, lasifika na can tana ta rera inda nake cewa a kan masoyiyata ba na tsoron kowa. Darakta, Allah ya isa, bai kashe kyamara ba.

Bayan an ɗora waƙar ne na san sauran karatun. Kafin YouTube su fara raba kuɗin talla da kai, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Waƙata minti huɗu ce, wato sai an kalle ta daga farko har ƙarshe sau 60,000. Spotify kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, ko sisi. Tawa ta samu kallo 212, kuma rabi ni ne, da datar da na saya da kuɗina.

Amma guntun nan na daƙiƙa ashirin? Ya zaga WhatsApp da TikTok, ya je Marwa, ya je Ngaundare, har wani ɗan'uwa ya kira daga Yola yana yi mini jaje yana shaƙewa da dariya. Ranar Laraba sai ga Alhaji, waya a hannu. Ya zauna, ya gaishe ni a natse, ya tsayar da hoton daidai ƙirjina, ya ce, "Malam tela, aikin wuyan nan kamar na san shi." Har yau ina biyan geznar kaɗan-kaɗan.

Jiya na je babbar kasuwa sayen zare, na tsaya wajen mai tura waƙoƙi a memori. Bai ɗago kai ba ya ce, "Akwai na tela da dorina, shi ake yayi, dala ashirin." Na ce ai ni ne telan. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ƙwala wa maƙwabtansa kira su zo su gani, sannan ya ce, "Tunda kai ne, kawo dala goma."